Me Ya Sa Mita Ke Nuna Om 583 A Kan Resista Mai Om 1,000?

Sau da yawa mai koyon gyaran waya kan ɗora mita a kan resista tana manne a fanel, ya ga adadin bai kai abin da ya kamata ba, sai ya cire ta ya jefar, alhali lafiyarta ƙalau. Wani tsohon lissafin lantarki yana bayyana dalilin haka.

A samu resista 12, kowace mai om 1,000, a haɗa su da dalma su yi siffar dunƙulen Maggi: kusurwa 8, gefe 12, kowane gefe resista ɗaya. Nawa ne turjiyar da ke tsakanin kusurwa biyu mafi nisa da juna?

Ba sai an yi dogon lissafi ba, domin siffar iri ɗaya ce ta kowane ɓangare. A ɗauka wuta miliamfiya 6 ta shiga ta kusurwar farko. Hanyoyi 3 ne a gabanta, babu wadda ta fi wata, don haka kowace ta ɗauki 2. A kusurwa ta gaba kowace ta rabu biyu, hanyoyi suka zama 6, kowace da 1. Daga nan su sake haɗuwa a hanyoyi 3 na ƙarshe, kowace da 2.

Dokar Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa ta a 1827, ta ce bolt shi ne yawan wuta sau turjiya. Idan aka bi hanya ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, za a samu bolt 2 da 1 da 2, jimilla 5. A raba bolt 5 da miliamfiya 6, amsa ita ce kusan om 833.

Idan kuma aka ɗora mita a bakin resista ɗaya tak a jikin dunƙulen, kusan om 583 za ta nuna, wato kashi 7 cikin 12 na 1,000. Resistar ba ta lalace ba. Wutar mita ce ta samu wasu hanyoyin zagaye ta cikin sauran resista 11, kuma ƙarin hanya rage turjiya yake yi.

Haka abin yake a fanel ɗin waya ko caja. Adadin da ya yi ƙasa ba hujja ba ne, sai an cire batir, an ɗaga ƙafa ɗaya ta resistar an sake aunawa. Wanda ya zarce adadinta sosai shi ne abin zargi, domin hanyoyin zagaye ba sa ƙara turjiya.