Idan MOYENNE ta ƙi aiki a Excel, ko ta ba ka lissafin da ba daidai ba

A ƙarshen kowane zangon karatu malamai da sakatarorin makarantu kan zauna gaban Excel don fitar da matsakaicin makin ɗalibai. Mu da muke zaune tsakanin Faransanci da Turanci, daga Garwa da Marwa zuwa Njamena, muna fama da wata matsala da ta fi shafar mu: kwamfutar da aka sayo ta hannu ta zo da Excel na Turanci, fayil ɗin kuma wani ne ya cika shi da tsarin Faransanci, ko akasin haka.

Mafi sauƙin matsalolin ita ce ta suna. Abin da Excel na Faransanci ke kira MOYENNE shi ne AVERAGE a na Turanci, MEDIANE ita ce MEDIAN, ECARTYPE kuma STDEV. Idan ka buɗe fayil ɗin da wani ya aiko maka, Excel kan sauya sunayen da kansa. Amma idan kai ka rubuta sunan da hannunka, ko ka kwafo fomula daga saƙon WhatsApp, sai da harshen manhajarka, in ba haka ba za ka ga #NOM? ko #NAME?. Alamar da ke raba sassan fomula kuwa ba harshen Excel take bi ba, tsarin yankin da aka zaɓa a Windows take bi: waƙafi mai ruwa a tsarin Faransa, waƙafi zalla a tsarin Amurka da Ingila. Shi ya sa za ka iya samun kwamfutar da ke son AVERAGE amma da waƙafi mai ruwa.

Wannan duk da sauƙi, tunda Excel yana nuna maka ya ƙi. Abin tsoro shi ne lokacin da ya ba ka amsa, amsar kuma ƙarya ce.

A tsarin Faransa ana rubuta takwas da rabi 8,5. Idan mai cika fayil ya saba da ɗigo ya rubuta 8.5, Excel ba zai ɗauke shi a matsayin lamba ba, rubutu ne a wurinsa kamar sunan ɗalibi. MOYENNE kuwa tsallake rubutu take yi ba tare da ta faɗa maka ba. A ce ɗalibi ya samu 8,5 da 7,5 da 12 da 11 da 9,5 bisa 20. Jimilla 48,5 ke nan, a raba biyar, matsakaicinsa 9,7, bai kai 10 ba. Idan makin nan uku masu rabi an rubuta su da ɗigo, MOYENNE za ta ga 12 da 11 kawai, ta ba shi 11,5, sai ya haye. Sai idan duka makin sun zama rubutu ne za ka ga #DIV/0!, saboda babu lamba ko ɗaya da za a raba.

Makarantun da ke aiki da kowefishan, wato nauyin da ake ba kowane darasi, abin ya fi muni a wurinsu ta ɗaya ɓangaren. Yawanci ana amfani da SOMMEPROD a ninka maki da nauyinsa, sannan a raba da jimillar nauyin. SOMMEPROD ba ta tsallake rubutu, sifiri take ɗaukarsa, alhali nauyin darasin yana nan cikin abin da ake rabawa da shi. Yaron da ya ci sai ya faɗi, kuma ba wanda zai kawo wa kwamfuta zargi.

Gano wannan ba wuya. Idan ba a taɓa tsarin akwatunan ba, lamba kan jingina dama, rubutu kan jingina hagu. Amma ido na iya yaudara, don haka ka gwada =NB(B2:F2) da =NBVAL(B2:F2). Ta farko lambobi kawai take ƙirgawa, ta biyu duk akwatin da ba fanko ba. A Turanci su ne COUNT da COUNTA. Idan amsoshin biyu sun bambanta, akwai rubutu a cikin makinka. A ganina bai kamata a buga takardar sakamakon kowane aji ba sai an yi wannan gwaji.

Gyaran shi ne ka zaɓi akwatunan makin kaɗai, ka mayar da tsarinsu Standard, ka danna Ctrl da H, ka musanya ɗigo da waƙafi. Idan ba ka son taɓa asalin, ka buɗe sabon layi ka rubuta =CNUM(SUBSTITUE(B2;".";",")). Lambobin da aka kwafo daga intanet, irin su 12 500, wani lokaci suna ɗauke da wani tazara na musamman da SUPPRESPACE ba ta cirewa; shi sai =SUBSTITUE(B2;CAR(160);"") kafin CNUM.

Akwai kuma batun ɗalibin da bai zo jarrabawa ba. Akwatin da aka bari fanko, ko aka rubuta "abs", MOYENNE ba ta lissafa shi; wanda aka sa 0 kuwa tana lissafa shi. Wannan hukuncin makaranta ne, ya kamata a yanke shi kafin a fara cika fayil, kada kowane malami ya yi nasa.

ECARTYPE tana buƙatar aƙalla lambobi biyu, in ba haka ba #DIV/0! za ta nuna. Sabon sunanta, ECARTYPE.STANDARD, ya shigo ne da Excel 2010, don haka Excel 2007 bai san shi ba; a can sai tsohuwar ECARTYPE. Idan kuma ka gyara maki amma matsakaicin bai motsa ba, danna F9, sannan ka duba Formules, ka mayar da Options de calcul kan Automatique.