Daga Gamba Zuwa Tafasa: Yadda Makiyayar Arewa Ta Sāke

Duk wanda ya yi sammako zuwa mayankar Oko-Oba da ke Agege zai tarar da shanun Arewa ana sauke su daga manyan motoci. Naman da Ikko ke ci, ciyawar Arewa ce ta gina shi. To, amma ciyawar nan ba irin ta da ba ce.

Dattawan da suka taso a ƙasar Katsina ko Sakkwato sun san gamba, wadda ke ɓoye mutum a tsaye, ake kuma saƙa zana da ita. Gamba mai saiwa ce, tana shekara a ƙasa, da ruwan fari ya sauka sai ta tofo. Yau a wurare da yawa ta ja da baya, ciyayi masu damina guda irin su ƙarangiya da burburwa sun maye gurbinta. Inda turmutsutsun dabbobi ya yi yawa kuwa, musamman burtali da bakin mashaya, sai tafasa da tumfafiya, waɗanda shanu ba su damu da su ba.

Dalili a fili yake. Saniya zaɓe take yi. In ta dinga cin mai daɗi da damina tun ba ta zuba iri ba, wadda ta bari ce za ta hayayyafa. Kiwon rani bai yin wannan ɓarna sosai, domin iri ya riga ya zuba.

Sai dai ba a ɗora wa Fulani laifin duka ba. Farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, sun kashe saiwar ciyayi da dama. Gonaki sun cinye daji da burtali, dabbobi suka matsu a ɗan abin da ya rage. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya a 1965, amma manoma sun shiga da yawa daga cikinsu.

Wannan magana ta shafi ɗan Arewa da ke Agege. In makiyaya ta lalace, sa ya rame, farashi ya hau, mahauci da dillali su ji a aljihu. Maganin kuwa makiyaya sun daɗe da saninsa: a ɗaga wa fili ƙafa da damina har ciyawa ta zuba iri.