Biyayya Dabam, Bauta Dabam

Kwanan baya gardama ta tashi a ɗakin kwananmu. Wani ɗan'uwa ya ce mu ɗalibai bayi ne, gama ƙararrawa ke tashe mu, ita ke kai mu aji, ita ke kwantar da mu. Wani kuwa ya ce masa ya yi haƙuri, bin na gaba bin Allah ne. Da na yi tunani, sai na ga kowannensu ya kama gefe guda ya saki guda. Don haka na ke so mu duba ma'anar zama a hannun wani.

Hausa tana da sunaye da yawa na wanda ke ƙarƙashin wani. Akwai ɗa, akwai almajiri, akwai bara, akwai talaka, akwai kuma bawa. Dukansu ana aikensu su tafi, amma zamansu ba ɗaya ba ne. Ɗa da almajiri ana riƙonsu ne domin wata rana su tsaya da ƙafafunsu. Bara in zaman ya ishe shi, sai ya yi sallama da ubangidansa. Talaka yana iya kai kuka gaban alƙali, ko ya yi ƙaura. Bawa kuwa ba shi da ko ɗaya. Ashe tambaya uku ce ke rarrabe al'amarin. Amfanin wa a ke nema da wannan iko? Mutum yana da halin cewa a'a ya kama hanyarsa? In an cuce shi, akwai inda zai kai ƙara?

Ba sai mun je nesa neman misali ba, ga shi nan ƙasar Jos. A Arewa, Gwamna Lugga ya yi doka cewa duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, a 1936 kuma aka kashe bauta ɗungum a doka. Amma shekara shida bayan haka sai ga wani abu mai kama da ita ya ɓullo.

Ga yadda aka yi. A farkon 1942, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta ƙwace ƙasar Malaya daga hannun Ingila, alhali daga can ne a ke samun kuza mai yawa. Sai ido ya komo kan ramukan Bukuru da Barikin Ladi da sauransu. Da aka ga lebura ba su isa ba, gwamnati ta yi dokar aikin tilas, wanda jama'a suka sa wa suna ɗiban gwamna. Umurni ya kan fito daga Razdan zuwa ga Sarki, daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, a ce gari kaza ya kawo mutum kaza. Haka aka yi ta kwaso manoma daga lardunan Zariya, da Katsina, da Sakkwato, da Bauci, da Binuwai, kowane rukuni ya yi wajen wata huɗu. Kafin a daina a 1944, waɗanda aka ɗiba sun kai wajen mutum 100,000.

Ku da kuka san sanyin tudun nan, ku auna halin mutumin da ya zo daga ƙasar zafi ba bargo, yana yini cikin laka da kwanon ƙasa a ka, abinci kuma ba ya isa. Ciwon ƙirji da sauran cututtuka suka kama su, mutane da yawa suka mutu, musamman a aikin madatsar ruwa ta Tenti. Waɗansu suka gudu cikin dare. Har a majalisar Ingila sai da aka yi ta sūkar abin, ga shi kuwa kuzar ba ta ƙaru yadda aka zata ba.

To, mu gwada ɗiban gwamna da tambayoyinmu. Amfanin wa? Na gwamnati da kamfanonin kuza, shi manomi gonarsa ce ta kwana ba noma. Yana iya ƙi? Ko kusa, tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Ina zai kai ƙara? Wurin dagacin da ya rubuta sunansa? Lalle ana biyansu ɗan abin da a ke biya, ba a kuwa sayar da kowa a kasuwa ba. Wannan shi ya nuna mana cewa lada ba ya wanke tilas, kuma ana iya mallakar ƙarfin mutum ko ba a kira shi bawa ba.

Akwai kuma tilas wadda ba ta zuwa da dogari. Tun kafin yaƙi, haraji da kuɗi a ke biyansa, manomin da ba shi da sule kuwa ba shi da mafita sai ramin kuza. A takarda, da son ransa ya je. A gaskiya, haraji ne ya kora shi.

Nijeriya ta sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960, tsarin mulki na 1999 kuma ya haramta bauta da aikin tilas a sashe na 34. Amma doka ba ta shiga kowane aji ta duba. Nan ne maganar ta komo kanmu. Gobe za a ba kowannenmu yara arba'in ko fiye, waɗanda ba su da ƙarfin ce mana a'a. Malamin da ya sa yaro sharar ajinsa, ko karatun da ba ya so, ya yi daidai, gama amfanin yaron ne. Amma wanda ya fid da yara daga aji zuwa gonarsa, ko ya mai da su masu ɗebo wa matarsa ruwa da itace, ya tsare su da bulala kada su faɗa a gida, me ya raba shi da mai ɗiban gwamna?

Saboda haka ɗan'uwana mai kukan ƙararrawa, kai ba bawa ba ne. Da ƙafarka ka zo, ƙofa a buɗe ta ke, amfanin kuma naka ne. Kai kuma mai cewa bin na gaba bin Allah, ka tuna na gaban shi ma akwai Wanda ke bisansa, zai kuwa tambaye shi abin da ya yi da amanar da aka ba shi. Allah ya sa mu zama malaman da za a bi don ƙauna, amin.