Rage radiyeshan a hoton dashen haƙori: awo zai ci gaba da zama daidai?

Kafin likitan haƙori ya huda ƙashin muƙamuƙi ya ɗaura ƙusar titaniyom da za ta riƙe sabon haƙori, sai ya san tsayin ƙashin da kaurinsa da inda jijiya ta bi. A muƙamuƙin ƙasa, jijiyar da ke kai ji ga leɓe da haɓa tana ratsa ƙashi a ƙarƙashin turame. Idan aka taɓa ta leɓe yana iya mutuwa na watanni, wani lokaci har abada. Ƙusar kuwa yawanci tsayinta milimita 8 zuwa 13 ne. Saboda haka kuskuren milimita ɗaya ba abin wasa ba ne.

Hoton faɗi na baki da aka saba yana ƙara girman ƙashi da kusan kashi 20 zuwa 30 cikin 100, kuma ba ya nuna kauri. Shi ya sa aka koma ga CBCT, na'urar da ta fito a Italiya da Japan a ƙarshen shekarun 1990, wadda ke zagaya kai ta fitar da ƙashi ta kowace fuska. Sai dai radiyeshan ɗinta ya fi yawa.

Ana auna shi da maikrosibat. Ludlow da abokan aikinsa sun tattara alƙaluma a 2015: ga babba, matsakaicin hoton da ya ɗauki yanki mai faɗi 212 ne, na tsaka-tsaki 177, na ƙaramin yanki 84. Hoton faɗi, bisa jagorar Tarayyar Turai ta 2012, yana tsakanin 2.7 da 24.3. Radiyeshan da kowa ke sha daga ƙasa da sararin sama da iska da abinci ya kai kusan 2,400 a shekara, wato 6.6 a rana. Ke nan hoton ƙaramin yanki daidai yake da na kwana 13, babban kuwa na wata guda. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a alƙaluman shi ne tazarar: daga 5 har zuwa 1,073. Sunan hoton ɗaya, amma wani majinyaci yana iya shan ninkin na wani sau 200, gwargwadon na'ura da yadda aka saita ta.

To me ake rasawa idan aka rage? Hoto yana yin dishi-dishi, amma ba daidai da ragin ba. A rage radiyeshan zuwa rabi, dishi-dishin ya ƙaru da kusan kashi 41 cikin 100; sai an rage zuwa rubu'i kafin ya ninka. Ƙashi kuma ya bambanta sosai da naman da ke kewaye da shi, don haka bakinsa yana fitowa ko hoton bai yi tas ba. Bitar da Fokas da abokansa suka wallafa a 2018 ta nuna yawancin awon CBCT yana kaucewa da ƙasa da milimita ɗaya daga ainihin girman ƙashi, kuma ƙwayar hoto, wato ƙaramin ɗigon da ake gina hoton da shi, mai girman milimita 0.3 zuwa 0.4 ta wadatar. Neman ƙwaya mafi ƙanƙanta kan jawo ƙarin radiyeshan ba tare da shirin dashen ya canza ba.

A nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara da kalmar "matsakaici". Idan an ce matsakaicin kuskure milimita 0.3 ne, akwai awon da ya kauce fiye da haka, wani ya ƙara, wani ya rage. Wanda ya ƙara shi ne mai haɗari, domin yana nuna wa likita ƙashin da babu shi. Ga kuma cewa yawancin gwaje-gwajen a kan busassun ƙoƙunan kai da gawarwaki aka yi su, waɗanda ba sa haɗiye yawu, ba sa motsi. Mai rai yana motsawa, kuma ƙarfen da ke bakinsa yana watsa zane-zane a hoto. Ƙashin gaban haƙoran sama, wanda sau da yawa kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, yana iya ɓacewa ma gaba ɗaya.

Wannan ya sa bitar ta 2018 ta nemi a bar tazarar milimita 2 tsakanin ƙusa da jijiya. Idan hoto ya nuna ƙashi milimita 12 a saman jijiya, ƙusar kada ta wuce 10, ko da wane saiti aka ɗauki hoton.

A ganina, ga dashen haƙori ɗaya ko biyu a ƙashi mai yalwa, ƙaramin yanki da saitin ƙaramin radiyeshan sun isa, kuma ɗaukar fuska gaba ɗaya ɓarna ce. Inda ƙashi ya sirance ko ramin jijiya bai fito sarai ba, a ƙara ingancin hoton. Duk wanda za a yi wa dashe ya tambayi likitansa girman yankin da za a ɗauka, da milimita nawa za a bari tsakanin ƙusa da jijiya.