Tafinta Tsakanin Dillali da Kwamfuta

 Yau shirin namu ya sauka a Ngawundere, hedikwatar yankin Adamawa na Kamaru, inda layin dogon da ya taso daga Yawunde ya tuƙe tun 1974. Kayan Garwa da Marwa da Njamena a nan suke sauka daga jirgi su hau manyan motoci, shanun da za a kai kudu kuma a nan ake lodinsu. Garin da kaya ke sauya hannu haka ba ya rabuwa da lissafi, kuma lissafin ne ya ja hankalin matasan da ke kafa ƙananan kamfanonin fasaha.

A irin wannan kamfani, mutum biyar ko shida ne a ɗaki guda. Akwai mai kamfani, akwai masu rubuta manhaja, wataƙila daga jami'ar garin da ke Dang suka fito, wadda aka kafa a 1993. Sai kuma mutum ɗaya tal da 'yan boko ke ce wa analis. Aikinsa shi ne ya fahimci yadda harka ke tafiya, ya zana ta yadda kwamfuta za ta iya ɗauka. Ni dai tafinta nake kiransa.

Mu ƙaddara manhajar ta riƙe lissafin fataken shanu ce. Mu bi analis ɗin zuwa kara da sassafe. Ya durƙusa ya gaida wani Alhaji mai harkar shanu, ya ce ranka ya daɗe, yana so ya ga yadda ake rubuta bashi. Alhaji ya zaro wani littafi da ya sha maiƙo, rabinsa da ajami, rabinsa lambobi zalla. Babu suna cikakke ko ɗaya, sai laƙabi da sunan gari. Kuɗin ma ba a kiransa da sefa: Bahaushe ya ce jaka, Bafulatani ya ce boro, duka dubu ɗaya ake nufi.

To, a manhaja akwai gurbin da aka rubuta ranar biya, kuma ba ya karɓar komai sai kwanan wata. Alhaji kuwa bai taɓa yanka wa kowa rana ba. Ana biyansa idan shanu sun isa Yawunde an sayar, ko kasuwa mai zuwa, ko bayan salla. La'adar dillali ma ba ta da ƙa'ida guda, ta danganta da wanda ya kawo wa. Masu rubuta manhaja za su ce a gyara Alhaji. Analis ya san Alhaji ba zai gyaru ba, gurbin ne za a sake. Wannan 'yar gardamar kan cinye mako guda.

A babban kamfani, mai nazarin kasuwanci daban, mai nazarin tsarin na'ura daban, mai gwaji daban. A nan analis shi kaɗai ne gayya. Da safe Fulatanci da Hausa a kasuwa, da rana Faransanci a takarda, da dare shi ke gwada abin da aka rubuta.

Ga kuma abubuwan da ba a koyarwa a aji. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogaro da dam ɗin Lagdo, kan kogin Binuwai kusa da Garwa, kuma in ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Dole ya rubuta tun farko cewa manhajar ta yi aiki ko babu intanet, ta aika bayanai idan layi ya dawo. Haka lokacin da gwamnati ta sanya harajin kashi 0.2 cikin ɗari kan turawa da cirar kuɗi ta waya a Janairun 2022, duk wani tsari da ke jingine da Orange Money ko MTN Mobile Money sai da aka sake duba lissafinsa.

Abin da ya fi ci mini rai game da aikin nan shi ne rashin mai ce maka ka yi kuskure. Idan ya ji maganar Alhaji a karkace, a karkace za a gina ta, ba kuwa za a gane ba sai ranar da kuɗi suka ƙi daidaita. Mai kamfani yana sauri, ya riga ya yi wa abokan ciniki alkawari. Rubuta bayanai sai a ce a bari sai gobe. A hankali tsarin duka ya koma cikin kan mutum ɗaya. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ko wani kamfani a Duwala ya yi masa tayin albashi ninki biyu ya hau jirgin dare, sai ka ga masu rubuta manhaja sun yi cirko-cirko a gaban allo, suna tambayar juna dalilin da ya sa gurbin ranar biya ke karɓar kalmar salla.