Kaurin tsirkiyar jitar bes: abin da lambar kan kwali ba ta faɗa

Duk wanda ya saurari faifan What's Going On na Marvin Gaye, wanda ya fito a 1971 yana kokawa da yaƙin Biyetnam da zaluncin 'yan sanda a Amurka, ya ji wani amo mai nauyi yana yawo a ƙarƙashin muryar mawaƙin. Hannun James Jamerson ne. Ya shafe shekaru yana kaɗa wa kamfanin Motown na birnin Ditiroit jitar bes ba tare da an rubuta sunansa a bangon faifai ba, sai a wannan karon. Har yau matasan makaɗa na neman wannan amon, kuma da yawa suna fara nemansa ne daga tsirkiya.

Kowace tsirkiyar bes waya ce ta ƙarfe da aka naɗe da wata. Idan ta wajen zagayayya ce, tsirkiyar kan yi kaushi, sautinta ya yi kaifi. Idan kuwa shafaffen zirin ƙarfe aka naɗa, sai ta yi sulɓi, amonta ya yi zurfi, ta rage ƙarar gogar yatsa. Wannan ta biyun ce ake rubuta wa flatwound a kwali, kuma ita aka saba da ita tun da Fender ya fitar da jitar Precision a 1951, kafin mai kaushin ta samu karɓuwa bayan kamfanin Rotosound na Ingila ya yi aiki da John Entwistle a 1966.

Ana auna kauri da kashi ɗaya cikin dubu na inci. Saitin da aka rubuta wa 45 zuwa 105 na nufin siririyar tsirkiyar inci 0.045 ce, mafi kaurin kuma 0.105. Jamerson ya yi amfani da na kamfanin La Bella, 52 zuwa 110, wato mafi kaurinsu ta kusa milimita 3.

Gwargwadon nauyin tsirkiya, gwargwadon ɗaurin da take buƙata kafin ta kai sautin da ake so. Shafaffen naɗi kuma ya fi zagayayye cusa ƙarfe a kauri ɗaya, shi ya sa mai sulɓi ta 105 takan fi mai kaushi ta 105 tauri a hannu. Wuyan jita, wanda katako ne, shi ke ɗaukar wannan jan dare da rana. Wanda ya tashi daga saiti mara nauyi ya ɗaura irin na Jamerson dole ya ƙara ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, wataƙila ma ya faɗaɗa tsagogin da tsirkiyoyin ke kwanciya a ciki. A jita mai arha da siririn wuya, sandar na iya kai maƙura alhali wuyan bai miƙe ba. A inda hunturu ke busar da katako, damina ta kumbura shi, lamarin ya fi buƙatar sa ido.

Abin da masu kwaikwayo ke mantawa shi ne Jamerson ya taso ne a kan babbar bes ta tsaye, wadda ke gina yatsu kamar na maƙeri. Da yatsa ɗaya yake kaɗawa, tsirkiyoyinsa sun yi nisa da katako, akwai soso a ƙarƙashin murfin gadar jitar da ke daƙile amon, kuma ba ya sauya tsirkiya sai ta tsinke. Kaurin kaso ɗaya ne kawai na wannan haɗin. Tsayuwarsa a kansa ma ta ci masa kasuwa: bayan Motown ya koma Los Anjelis a 1972, masu shirya waƙa suka karkata ga sauti mai kaifi, aiki ya riƙa ja masa baya har rasuwarsa a 1983 yana da shekara 47.

Lambar ma kan yaudari mai saye idan ya tsallaka daga kamfani zuwa kamfani. Saitin Thomastik-Infeld na birnin Biyana, 43 zuwa 100, yana da laushi ƙwarai saboda zagayayyar wayar ciki da silikin da aka shimfiɗa tsakaninta da naɗin. La Bella mai kusan wannan kaurin ya fi shi tauri nesa ba kusa ba. Kauri kuma ba ya ɗaure mutum ga salo guda: Steve Harris na Iron Maiden yana kaɗa kiɗa mai gudu da mai sulɓi 50 zuwa 110, sai dai shi yana yawan sauya su don kaifin sabuwa yake so.

Ga mai sayen farko, 45 zuwa 100 ko 105 ya fi hankali, domin yawancin jitoci da kusan wannan kaurin suke fitowa daga masana'anta, gyaran da za a yi kaɗan ne. Kuskure a nan yana da tsada: mai sulɓi ta fi mai kaushi kuɗi, daga waje ake shigo da ita, kuma tun da aka saki naira a 2023 duk abin da aka saya da dala ya yi tashin gwauron zabo. Ribarta ita ce saiti ɗaya na iya yin shekaru. A kuma auna tsawon jitar kafin a biya, don yawanci inci 34 ne amma akwai gajeru masu 30, kuma idan ɓangaren da ke da naɗin ƙarfe ya hau kan abin murɗawa, zirin na iya buɗewa tsirkiyar ta tsinke.