Madubi da Ƙwayar Tabarau: Yadda Aka Tsara Idon Na'urar Hangen Taurari ta Vera Rubin

1.0 Gabatarwa

A Hausa kalmar madubi tana ɗauke da kaya masu yawa. Da ita ake kiran abin duba fuska, da abin da mai raunin gani yake sanyawa, da kuma na'urar hangen nesa. A zancen yau da kullum wannan ba ya kawo ruɗani, amma a ajin kimiyya yana kawowa, domin abubuwa biyu ne masu aiki daban aka haɗa a suna ɗaya. Saboda haka a wannan maƙala idan muka ce madubi, muna nufin abin da haske yake dira a kansa ya koma baya. Idan kuwa muka ce ƙwayar tabarau, ko ƙwaya a taƙaice, muna nufin gilashin da haske yake ratsawa ya karkata. Mun zaɓi na'urar cibiyar Vera C. Rubin ta zama misali, domin duk tsarinta ya rataya ne a kan wannan bambanci.

2.0 Abin da aka nema daga na'urar

An gina cibiyar a kan dutsen Cerro Pachón na ƙasar Cile, mai tsawon kimanin mita 2,700, aka kuma sanya mata sunan masaniyar taurari 'yar Amurka, Vera Rubin (1928-2016). Aikin da aka tsara mata shi ne ɗaukar hoton sararin samaniyar kudu baki ɗaya a cikin 'yan darare, a sake ɗauka, har tsawon shekara 10, don a gano abin da ya motsa ko ya sauya haske.

Wannan buƙata ta haɗa abubuwa biyu da ba su cika zama tare ba. Ana son babban baki mai tara haske don a ga taurari masu dishi-dishi, ana kuma son fili mai faɗi a kowane hoto. Galibin manyan na'urori ɗan ƙaramin yanki suke gani a lokaci guda. Ita kuwa wannan faɗin ganinta digiri 3.5 ne, wato a jera wata ɗan daren sha huɗu har guda 7 daga gefe zuwa gefe. Matsalar ita ce, gwargwadon faɗin fili, gwargwadon yadda taurarin gefe suke ɓata siffa, su yi jela ko su baje.

3.0 Dalilin fifita madubi

Ƙwaya tana da wani lahani na asali. Farin haske gaurayen launuka ne, kuma gilashi ba ya karkata su daidai wa daida: shuɗi ya fi ja karkata. Sakamakon haka kowane launi yana haɗuwa a wurinsa, sai a ga bakan gizo ya kewaye tauraro. Wannan ne ya sa Isaac Newton ya ƙera na'ura mai madubi a 1668, domin madubi yana mayar da kowane launi ta hanya ɗaya. Akwai kuma batun nauyi. Ana iya tallafe madubi ta bayansa gaba ɗaya, amma ƙwaya sai ta baki kawai ake riƙe ta, don haka idan ta yi girma sai ta lotsa. Ƙwayar cibiyar Yerkes ta Amurka, mai faɗin santimita 102, wadda aka fara aiki da ita a 1897, ita ce kusan iyakar wannan hanya.

Don haka madubai uku aka ba aikin tara haske. Na farko mai faɗin mita 8.4 yana da kwarmi kamar cikin ƙwarya. Yana tura haske sama zuwa na biyu, mai mita 3.4, wanda yake da doro kamar bayan ƙwarya. Daga nan haske ya sauko kan na uku, mai mita 5, wanda yake mayar da shi cikin kyamara. Kowane madubi yana gyara wani kuskuren da na gabansa ya bari. Abin sha'awa, na farko da na uku dunƙulen gilashi ɗaya ne mai kwarmi iri biyu, na uku a tsakiya, na farko ya zagaye shi kamar zobe. An zuba shi a Jami'ar Arizona a 2008, ba a gama gogarsa ba sai 2015.

4.0 To, me ya kawo ƙwaya?

Nan ne mai karatu zai tambaya: in dai madubi ya kuɓuta daga lahanin launi, me ya sa aka dawo da gilashi? Amsar tana cikin kyamarar, wadda aka haɗa a cibiyar SLAC ta Kalifoniya. Farantin da yake karɓar hoto yana da faɗin santimita 64, an jera masa na'urorin jin haske 189, masu ɗigon hoto biliyan 3.2. Dole a sanyaya su zuwa kimanin digiri 100 ƙasa da sifiri, a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. Tukunyar nan kuwa tana buƙatar taga ta gilashi. Haka kuma masana suna son auna kowane launi daban, don haka akwai matatan haske guda 6, daga hasken da ya wuce shuɗi zuwa wanda ya wuce ja, waɗanda ake sauyawa a gaban farantin. Su ma gilashi ne. Ke nan gilashi ya riga ya shiga hanyar haske ko ana so ko ba a so, kuma tun da hasken yana zuwa ne a tattare da kusurwa mai kaifi, ko shimfiɗaɗɗen gilashi sai ya raba launuka.

Dabarar masu tsarin, waɗanda injiniyoyin cibiyar Lawrence Livermore suka jagoranta a ɓangaren ƙwayoyi, ita ce a sa gilashi ya biya bashin gilashi. Ƙwaya ta farko mai faɗin mita 1.57 tana tara haske. Ta biyu mai mita 1.2 tana baza shi, wato kuskurenta na launi kishiyar na ta farko ne. Ta uku mai santimita 72 tana sake tarawa, kuma ita ce tagar tukunyar. Idan aka haɗa ƙarfinsu, launuka sukan dawo kusan wuri guda, hoton kuma ya kwanta a shimfiɗe bisa farantin maimakon ya lanƙwashe. Su kansu matatan an ɗan lanƙwasa su, kuma kaurinsu ba ɗaya ba ne, don kowane launi ya faɗa inda ake so.

Ƙwaya ta uku ta cancanci a tsaya a kanta a aji. Gefenta ɗaya iska, ɗaya gefen babu, saboda haka iskar waje tana danna ta. A bakin teku iska tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kimanin kilo 1. Ɗalibin da ya iya lissafin faɗin da'ira zai gano cewa nauyin ya kai kimanin tan 4, ko da yake a kan dutsen ya ɗan ragu. Wannan ne ya sa aka yi ta da kaurin santimita 6, aka kuma sanya lotsawarta cikin lissafi tun daga farko.

Dukkan ukun an yi su ne da tataccen gilashin silika, wanda yake barin hasken da ya wuce shuɗi ya ratsa, kuma zafi ko sanyi ba su cika sauya girmansa ba. An kuma shafe fuskokinsu da wani siririn rufi. In ba don shi ba, kowace fuska za ta mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske, fuskoki 6 kuwa su cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar, su kuma haifar da hotunan bogi kusa da taurari masu ƙarfi.

Wannan tsanani yana da dalili. Ɗaya daga manufofin cibiyar shi ne auna yadda nauyin abin da ba a gani a sararin samaniya yake ɗan murɗa siffar gungun taurari masu nisa, murɗawar da ba ta wuce kimanin kashi 1 cikin 100 ba. Ƙwayar da ta murɗa hoto da kanta za ta sa a ɗauki lahanin gilashi a matsayin halin samaniya. An kai kyamarar Cile a 2024, aka fitar da hotunan farko ranar 23 ga Yuni, 2025.

5.0 Abin lura ga malami

A ganinmu kuskure ne a fara darasi da cewa na'urar hangen nesa tana ƙara girman abu ne kawai. Babban aikinta tara haske. Muna ba da shawarar a raba kalmomin nan biyu tun daga ƙaramar sakandare, kuma a fara da hannu kafin allo. Cokalin ƙarfe mai sheƙi ya isa nuna madubi mai kwarmi da mai doro: a cikinsa fuska tana juyewa, a bayansa tana ƙanƙancewa a miƙe. Sannan a ba ɗalibi ƙwayar ƙara girman rubutu, ya dubi baƙin harafi a kan farar takarda ta gefen ƙwayar, ya faɗi launin da ya gani a bakin harafin, a tambaye shi ko ya ga irinsa a jikin cokalin.